Kano, Fataskum, Bakwai

Ranakun aiki da yawa sun cakuɗe a kaina sun zama rana ɗaya mai tsawo, amma akwai wata yammar damina da ta ƙi cakuɗuwa da sauran, ranar da Baba Ishaya ya shigo ofishinmu na Tudun Wadan Zariya. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan kafin in bar muku kujerar, nasa zan ba ku.

A lokacin ni ne babban akawun tikiti a kamfanin tafiye-tafiye na Hajiya Binta. Kada sunan ya ruɗe ku, mu biyu ne a ofishin gaba ɗaya. Ita tana ɗakin ciki da fasfo da biza da masu niyyar Umara, ni ina waje gaban kwamfuta. Shago ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da yadi. Kasuwarmu ta fi ci gab da azumi, sai kuma lokacin da malaman jami'a na unguwar Kongo ke fita taro ko ƙaro karatu. In damina ta yi tsakiya kuwa, sai a wuni babu wanda ya leƙo ko da tambayar hanya.

A irin waɗannan ranaku nakan zura wa sama ido. Kun san Zariya, ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi ba sa rabuwa da samaniyarta. Sai in ɗauki guda in bi shi da kallo har ya shige gajimare, daga nan kuma na tafi ke nan. Na haddace filayen jiragen duniya da haruffansu uku-uku, na san wanda ke bakin teku da wanda ke tsakanin duwatsu, alhali ni tun da na girma iyakacina Kano da Kaduna. Hajiya takan leƙo ta ce, "Malam Nuhu, yau kuma a wace ƙasa aka sauka?" In ce mata ai ban sauka ba tukuna.

Ina cikin wannan hali na ji sallama. Dogon tsoho ne cikin kaftani mai guga, gashin kansa fari fat. Muka gaisa, na ba shi kujera. Ya ce sunansa Ishaya, tsohon malamin asibiti ne, a Hanwa yake zaune, kuma wani ɗan cocinsu da na taɓa yankar wa tikiti ne ya kwatanta masa wurinmu.

"Ɗana, ba tafiya zan yi ba," in ji shi. "Tambaya na kawo, in ba zan ɓata maka lokaci ba."

Na ce masa lokaci kam shi ne abin da ya fi yawa a shagon nan.

Ya ce yana da yarinya a Ingila, nas ce, ta daɗe ba ta zo gida ba. "Babbar" yake ce mata, ko "yarinyar nan", nan take na gane 'yar fari ce, ba zai kama sunanta ba. Sau biyu tana sa rana ana fasawa. Na farko cutar nan ce ta rufe duniya. Na biyu kuma an hana ta hutu ana gab da tafiyar.

"Mamansu ta sa an yi wa ɗaki fenti," ya ce. "Ta daka yaji, ta tanadi daddawa da kuka. Da aka ce an fasa, ba ta yi kuka ba, ba ta zargi kowa ba. Abinci kawai ta janye wa hannu. Yanzu tana kwance, kunu ma sai an yi ta lallashi take kurɓa. Likita ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai."

Jiya yarinyar ta kira shi ta ce tana tafe a wata mai kamawa. Bai gaya wa matarsa ba.

"Ba zan sake kai mata labarin da ban tabbatar ba. In aka fasa karo na uku, ban san ko za ta tashi ba. Shi ya sa na zo a duba mini, da gaske ne ko kuwa fata ne kawai."

Na tambaye shi me ta ba shi. Ya ce ta ba shi lambar jirgi, ya faɗi haruffa biyu da lambobi uku a bayansu. Na duba, na ce masa jirgin yana nan, yana sauka Kano. Fuskarsa ta washe, har ya soma miƙewa. Sai da na ji nauyin abin da zan faɗa masa, amma dole na faɗa.

Na ce, "Baba, zauna tukuna. Lambar jirgi ba ta mutum ba ce, ta hanya ce. Haruffan nan biyu na farko sunan kamfanin ne a taƙaice, lambobin kuma suna nuna wace hanya da wane lokaci. Kamar a ce maka motar Funtuwa ta safe. Tana tashi kullum, ko kana ciki ko ba ka ciki. Jirgi mai wannan lamba ya sauka Kano makon jiya, zai sauka mako mai zuwa, kuma ba lallai ma jirgi ɗaya ne ke ɗaukar lambar kullum ba."

Ya koma ya zauna a hankali. "Ke nan wannan bai nuna komai ba."

"Ya nuna akwai hanya. Bai nuna tana ciki ba. Ba ta ba ka wata lamba ba, mai guda shida, haruffa da lambobi a haɗe?"

A nan bari in tsaya in yi bayani don waɗanda ba 'yan sana'a ba. Duk wanda aka ajiye wa kujera a jirgi, kwamfuta takan buɗe masa wani ɗan ɗaki a cikinta, ta zuba sunansa da ranar tafiya da lambobin jiragen da zai hau da lambar wayarsa, har da irin abincin da ya nema. Sai ta ba ɗakin nan suna mai guda shida. Ita muke kira lambar bukin. Ba mutum ke zaɓenta ba, ba ta da ma'ana, ba ta fara da harafin sunanka ko na garinku. Da ita da sunan ƙarshe na fasinja ake buɗe ɗakin. In tafiya ta ƙare aka ɗan jima, sai a kwashe kayan a adana, lambar ta koma rumbu, wata rana a ba wani. Wannan ya daɗe yana ba ni tunani. Nakan ce lambar da na ba wata tsohuwa mai zuwa Madina bara, wataƙila yau tana aljihun wani mai kamun kifi a can ƙarshen duniya, bai san wadda ta riga shi riƙe ta ba.

Baba Ishaya ya ce ta ba shi, kuma a ka ya riƙe ta. Layin waya ba shi da kyau, haruffan suna ta ɓacewa, sai ta ce masa ya bar haruffa, za ta faɗa masa garuruwa, duk wanda ya kai wa ya ɗauki harafin farko na kowane gari. Ya rufe ido ya karanto:

"Kano, Fataskum, bakwai, Zariya, Malumfashi, Daura."

Wallahi daɗi abin ya yi mini a kunne. Mu 'yan sana'a muna da namu kalmomin Turanci na karanta haruffa a waya, amma ban taɓa jin an mai da lambar bukin tafiyar mota ba. Na maimaita masa garuruwan, ya ce haka ne. Tun da ba mu muka yi bukin ɗin ba, ba zai fito a na'urarmu ba, don haka na shiga shafin kamfanin jirgin a intanet. Na ɗauki harafin farko na kowane gari na rubuta, na sa Ishaya a gurbin sunan ƙarshe, na danna.

Allo ya ce babu wannan bukin.

Na ce wataƙila sunan ne. Na tambaye shi wane suna ke ƙarshe a fasfonta, nasa ko na kakanta. Ya ce nasa ne, amma a gwada Audu, sunan mahaifinsa. Na gwada, shiru. Na haɗa su biyun, na raba su, na sake rubuta lambar a hankali da yatsa ɗaya kamar ɗan koyo. Amsa ɗaya ce take dawowa.

Hajiya ta ji shirun ya yi yawa ta fito. Suka gaisa, na yi mata bayani a taƙaice. Na ce ko in sauya bakwai ɗin da wata lamba mu gani.

"A'a, Malam Nuhu," ta ce. "Ba a canke a nan. Abin da mai bukin ta bayar da bakinta shi kaɗai za ka sa. In ka yi ta sauye-sauye, ɗakin wani kake ƙoƙarin buɗewa." Ta juya wajensa. "Baba, me zai hana a kira ta ta sake faɗa?"

"Tana wurin aiki, Hajiya, waya a kashe. Ko da ma a kunne take, in kira in ce me? In ce na je an duba ba a gan ki ba? Kamar na ce mata maƙaryaciya ke nan." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Wataƙila ta so ta kwantar mini da hankali ne kawai. Ta san halin da uwarta ke ciki."

Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai. Tsohon nan ya riga ya soma nema wa 'yarsa uzurin ƙaryar da bai tabbatar ta yi ba. Na ji haushin kwamfutar, na ji haushin kaina. Ya miƙe ya yi mana godiya, ya ce mun yi ƙoƙari. Yana kaiwa bakin ƙofa ruwa ya sauko da ƙarfi, irin wanda ko ɗan acaɓa ba ya tsayawa. Hajiya ta ce ya dawo ya zauna, ta koma ciki ta ɗora shayi.

Muka zauna muna jin ruwa a kan kwano. Titi ya koma fari, masu kaya sun ja rumfunansu, jiragen koyo duk sun sauka. Don in rage masa nauyin shirun na ce, garuruwan nan da ta zaɓa duk na kusa ne, ban da Fataskum, me ya kai ta can?

Ya ɗan yi murmushi. "Ai can aka haife ta. Can aka fara tura ni aiki, muna sababbin aure." Yana magana yana kallon ruwan, kamar da shi yake yi. Ya ce gidansu yana bayan asibiti, akwai bishiyar maina a ƙofar, ranar kasuwa kuma shanu sukan cika hanya tun hantsi har sai mutum ya tsaya ya jira su wuce. Mamansu tana ɗinki a zaure. Yarinyar kuwa tun ba ta shiga makaranta ba ta addabi kowa da karatu. Duk allon da ta gani a hanya sai ta tsaya ta haɗa baƙaƙensa. In ya ɗauko ta a keke za su wuce allon asibiti, sai ta buga masa baya ta ce ya tsaya, ta karanta shi daga sama har ƙasa da ƙarfi, kullum, allo ɗaya, kamar ana sauya rubutun da dare.

Yana faɗa ni kuma na lula, kamar yadda na saba. Na ga hanyar, na ga shanun, na ga yarinya a bayan keke da yatsa a sama. Daga nan sai na tsinci kaina a bayan wata babbar mota ina yaro, ranar da kawuna ya tafi da ni kasuwar shanu ta garin, tafiya mafi nisa da na taɓa yi. Na tuna zafin buhun da na zauna a kai, na tuna yadda barci ke ɗaukata yana sakina. Na tuna an tashe ni an ce mun iso, na buɗe ido na ga allo a bakin hanya da sunan garin. Na tsaya a kan allon nan a cikin raina ina kallonsa, sai na ga harafin farko ba shi da hannu biyu a miƙe. Kai gare shi zagayayye.

Na ce, "Baba, da kake aiki a can, yaya kuke rubuta sunan garin a takardun asibiti?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya dafe kai.

"Potiskum," ya ce. "Da P. Kai, Ishaya! Shekara nawa ina rubuta shi da hannuna."

Abin da ya faru ke nan. Ita da ta koyi karatu a jikin allon garin, yadda aka rubuta shi take ganinsa. Shi kuwa kunnensa na Bahaushe ya ji garin da ya zauna, bakinsa ya faɗe shi yadda kowa ke faɗa, ni ma Bahaushe na karɓa na rubuta F ban ko yi tunani ba. Na ɗaga murya na tambayi Hajiya ko wannan ma canke ne. Ta fito da kofuna a hannu ta ce, "Wannan ai abin da ta faɗa ne, ku ne kuka fassara. Sa mu gani."

Na goge F na sa P. Intanet ɗin ranar ruwa kun san shi, abin ya yi ta juyawa har na soma addu'a a zuci. Sai shafin ya buɗe.

Na karanta masa sunan da ya fito, Rahila Ishaya. Ya sunkuyar da kai, ya ce ita ce. Na ce ya ba ni minti ɗaya, don bukin daban, tikiti daban. Ana iya ajiye wa mutum kujera ya sami lambarsa guda shida, in bai yanki tikiti ba kwamfuta ta soke bayan ɗan lokaci. Na gangara ƙasa na ga doguwar lambar tikiti mai guda goma sha uku. Na ce, "Baba, an yanka. Har kujera ta zaɓa, ta bakin taga."

"Na gode wa Ubangiji," ya ce. Ya sake faɗa. Ya ɗauki shayin, ya ajiye bai sha ba, ya matso da kujerarsa yana leƙen allon duk da na san idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. "Na ga kamar layi biyu ne. Ɗaya na zuwa, ɗaya na komawa ko? Gaya mini na komawar, in san kwana nawa za mu samu. Mamansu za ta tambaya."

Na duba. Lambobin jirgi biyu ne, gaskiya. Na ce masa duka biyun na zuwa ne. Na farko zai ɗauko ta daga Ingila ya sauke ta a wani birni a hanya, ta jira, na biyun, wanda ta ba shi lambarsa, ya kawo ta Kano. Yawanci jirgin komawa lambarsa tana maƙwabtaka da ta zuwa, gaba da ita ko baya da ita da ɗaya, don haka ido ya saba da inda zai neme ta. Na nema ban gani ba. Na gangara har ƙarshen shafin.

"Babu na komawa, Baba."

"Ban gane ba."

"Tikitin zuwa ne kawai. Ni dai abin da allo ya nuna zan iya faɗa, tana iya yiwuwa ta yanki na komawa daban. Amma ga wani abu. Ta ƙara jakunkuna a kan waɗanda aka ba ta, manya, har uku. Mai zuwa hutun mako biyu ba ya ɗibar kaya haka."

Ruwa ya soma tsagaitawa, ana jin ɗigarsa daga indararo.

"Ta ce mini, Baba, ka sa a duba maka da kyau, har ƙasa," ya ce. "Sau biyu ta faɗa. Na ɗauka don kada a yi kuskure ne."

Hajiya ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi. "To ai 'yarka ce, Baba. Kai ka kasa tambaya, ita ta kasa faɗa, kuka bar wa kwamfuta."

Ya nemi ya biya mu, Hajiya ta ce ya bari. Na tare masa ɗan acaɓa, na ce ya tafi da shi a hankali. Ya hau yana riƙe da hularsa, ko juyowa bai yi ba.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan kaɗan ne. Kwamfuta ba ta san "kusan" ba. Harafi ɗaya ya kauce, za ta ce maka babu, da fuska ɗaya da za ta faɗa wa wanda bai taɓa yin bukin ba. Mutanenmu kuwa da kunne suke ɗauko lambobin nan, daga bakin ɗa ko miji ko ƙanwa, a layin da ke yankewa. In allo ya ce babu, kada ku juya ku faɗa wa mutum haka nan take. Ku tambaye shi yadda aka faɗa masa, da wane baki, da waɗanne kalmomi. Sau da yawa wanda ke zaune gabanku ba shi ne zai hau jirgin ba, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar amsar.

Bayan 'yan kwanaki Baba Ishaya ya biyo ta shagon a hanyarsa ta zuwa kasuwa. Na tambaye shi mai jiki, na kuma tambaye shi yadda ta karɓi labarin.

Ya ce ya zauna a bakin gadon ya gaya mata komai, har da jakunkunan. Ta juya fuska bango, har ya ɗauka ba ta ji ba. Can sai ta tambaye shi, ya gani da idonsa? Ya ce an karanta masa sunan, an ce babu na komawa. Sannan ta ce a ɗaga ta zaune.

"Ta ce kunun nan ya ishe ta," in ji shi. "Tuwo take so, da miyar kuka, kuma kada a cika ruwa. Wai ba za ta bari yarinyar ta zo ta same ta haka ba. Kasuwa zan je yanzu, an aike ni nama."